Idan ruwa bai tafasa a digiri 100 ba

Tambayar da ɗalibaina na sakandare suka fi yi mini bayan sun gama gwaji ita ce, "Malam, nawa ya kamata mu samu?" Lambar littafi suke nema, su goge tasu su rubuta ta. Kuma ba su da laifi sosai, tunda a makarantu da yawa ana rubuta amsar a allo tun kafin a kunna wuta.

Mu ɗauki tafasa ruwa. Littafi ya ce digiri 100, amma wannan a daidai gaɓar teku ne. Da zarar an hau tudu matsin iska yana raguwa, sai ruwa ya tafasa da wuri, wajen digiri ɗaya a kowace mita 300. A Kano abin da za a gani bai wuce 98 da ɗoriya ba. A Jos, da ke sama da mita 1,200, kusan 96 ne. Yaron da ma'aunin zafinsa ya nuna 98 ya rubuta 100, darasin ranar gaba ɗaya ya zubar.

Ni ba na faɗin amsa. Kowane rukuni ya rubuta abin da ya samu a allo, sannan mu zuba wa lambobin ido. Nan ne ainihin aikin. Idan sun warwatse, wani sama wani ƙasa, to a tuhumi hannu da ido: wani ya bar ma'aunin ya taɓa gindin kwalba, wani ya karanta a karkace. Idan kuwa duk sun karkata gefe guda, ba sakaci ba ne, ko dai kayan awon ne ko kuma wurin da muke. Ta yaya za mu rarrabe? Nakan yi shiru har wani ya ce a tsoma ma'aunin cikin ƙanƙara mai narkewa a ga ko zai nuna sifili. Shirun nan yana da wuya ga malami, bakinmu ya saba da bayani.

Haka a gwajin lilo na Fiziks. Wanda ya samu 9.5 maimakon 9.8 a awon ƙarfin jan ƙasa ya faɗa mini dalilin da ya sa muke auna lokacin kai-komo 20 ba ɗaya ba. Ɗigon da ya bauɗe daga layi a kan garaf kuwa ba a goge shi, a zagaye shi a sake awon.

WAEC da NECO suna tambayar matakan kiyaye kuskure a jarrabawar gwaji, yara kuma sukan haddace jimlolin ba tare da sun taɓa kama kuskuren da kansu ba. Hanyar tawa tana cin lokaci, minti 40 ba ya isa, sai an haɗa darasi biyu. Amma rashin kayan aiki ba hujja ba ne: zare, ɗan dutse, rula da agogon waya sun isa a yi gwajin lilo.