Amsar Tambaya: Sarƙar Kekena Tana Kuka

Tambaya: Da keke nake kai kaya kasuwar Cinkassé daga ƙauyenmu. Kullum ina zuba wa sarƙa baƙin man inji, amma kukanta sai ƙaruwa yake yi. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, baƙin man nan shi ke cutar ka. Man da ya gama aiki a inji cike yake da ɓurɓushin ƙarfe. Idan ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya suka haɗu da shi, sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoran firiwil kullum.

Fara da wanki. Zuba kananzir a gwangwani, ka sa tsohon buroshin haƙori ka goge sarƙar gaɓa-gaɓa, ka ƙwaƙule dattin da ya daskare tsakanin haƙora da tsinke. Share da tsumma, ka bar ta ta bushe. Sannan ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, kana juya feda baya. Bayan ɗan lokaci, goge na saman duka. Cikin gaɓa mai ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Kada ya taɓa birki ko rim.

Da damina, maimaita duk ranar da ka ratsa taɓo. In bayan haka sarƙar tana tsallake haƙori idan ka taka da kaya, ta miƙe. Canja ta da wuri, don tsohuwar sarƙa cinye firiwil take yi. In babu irinta a Cinkassé, nema a Dapaong.