Asalin Sunan Dantata

Idan muka duba rajistar aji, za mu ga yawancin Hausawa da sunan uba suke cika sunansu, wasu kuwa da sunan gari, kamar Wudil ko Gaya. Amma akwai suna ɗaya a Kano da bai bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba, shi ne Dantata.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, fataken goro. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Akara, ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta rene shi, shi ya sa aka riƙa ce masa ɗan Tata. Ya yi fataucin goro daga Gwanja, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano kuma ya shiga cinikin gyaɗa. Lokacin da ya rasu a 1955, ana ganin babu attajiri kamarsa a Afirka ta Yamma.

Sunan ba shi da yawa domin tushensa mutum ɗaya ne. Zuriyarsa ce ke ɗauke da shi, kamar 'ya'yansa Sanusi da Aminu, wanda ya rasu a 2025. Mahaifiyar Aliko Dangote, wanda aka sa wa jami'ar Wudil sunansa, 'yar Sanusi ce.

Ku lura, ɗalibai: baiwa ce ta riƙe maraya da amana, ga shi sunanta ya zama na babban gida. Kowa ya tambayi iyayensa asalin sunan gidansu tun tsofaffin da suka sani suna raye.