YADDA ILMIN ƘIDIDDIGA KE AUNA GUBAR MAGANIN ƘWARI

A gindin takardar da ake manna wa kwalbar maganin feshi akwai wani zane mai launi: ja, ko rawaya, ko shuɗi, ko kore. Launin nan sakamakon wani lissafi ne da masana suka yi don su nuna ƙarfin gubar da ke cikin kwalbar. Ya kamata manomi, da ɗan kasuwar hatsi, da uwargida, kowa ya san yadda ake wannan lissafi da kuma iyakar abin da yake iya faɗa.

Ma'aunin kashe rabi

Halittu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan aka ba ɓeraye ɗari guba daidai wa daida, waɗansu za su mutu, waɗansu su yi jinya su tashi. Saboda haka tambayar "guba nawa ce take kisa?" ba ta da amsa guda. A shekarar 1927 wani masani ɗan Ingila, J. W. Trevan, ya kawo shawara a riƙa neman adadin da zai kashe rabin dabbobin gwaji, domin shi ne ya fi tsayawa wuri guda in an sake gwajin. Wannan ma'auni shi ake rubutawa LD50. Ana faɗinsa da miligiram na guba a kan kowane kilo na nauyin dabba, kuma miligiram dubu su ne giram ɗaya. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon tsananin gubar.

Gwajin ƙwarin gari

Wanda ya tsara hanyar fitar da wannan lamba shi ne Chester Bliss, masanin ƙwari ɗan Amurka, a shekarun 1934 da 1935. Ya yi amfani da sakamakon wani gwaji inda aka raba ƙwarin gari 481 kashi takwas, aka turara wa kowane kashi hayaƙin guba na awa biyar, ana ƙara ƙarfinsa daga kashi zuwa kashi. Ga abin da aka samu a huɗu daga cikinsu:

Miligiram 49 a litar iska: ƙwari 6 suka mutu cikin 59.
Miligiram 61: ƙwari 28 cikin 56, watau rabi.
Miligiram 69: ƙwari 53 cikin 59.
Miligiram 77: duka 60 suka mutu.

Abin lura a nan shi ne, daga 49 zuwa 77 ko ninki biyu ba a yi ba, amma mutuwa ta tashi daga ɗaya cikin goma zuwa gaba ɗaya. Wanda ke ƙara murfi guda a kan abin da takarda ta ce, yana ganin kaɗan ne, sai ya tuna da wannan.

In an zana alƙaluman nan a takarda, layin yakan fito a lanƙwashe kamar harafin S: ya fara a kwance, ya miƙe a tsakiya, ya sake kwantawa a sama. Dabarar Bliss ita ce sauya ma'aunin ɓangarorin biyu yadda layin zai miƙe sak. Da miƙaƙƙen layi ana iya karanta adadin da zai kashe rabi, ko tara cikin goma, ko da ba a gwada wannan adadi ba. Ana kiran hanyar furobit, kuma D. J. Finney ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1947. Yau kwamfuta ke yin lissafin, amma tushen bai sake ba.

Har wa yau akwai tsare-tsare biyu. Na farko, akan ware wani kashi da ba a sa wa guba ba, don a cire waɗanda da ma za su mutu, W. S. Abbott ya tsara wannan gyara a 1925. Na biyu, masani ba ya ba da lamba ɗaya tilo. Yakan faɗi iyaka ta ƙasa da ta sama inda ake sa ran gaskiya take, kuma in dabbobin gwaji kaɗan ne, tazarar takan yi faɗi.

Daga ɗakin gwaji zuwa jikin kwalba

Tun 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ke kasa magungunan ƙwari aji-aji bisa gwajin ɓeraye. Bisa gyaran 2009, ga gubar da aka ci ta baki: Aji Ia, ƙasa da miligiram 5, Aji Ib, 5 zuwa 50, Aji II, 50 zuwa 2,000, Aji III, sama da 2,000, Aji U, 5,000 ko fiye. Ja na Ia da Ib ne, rawaya na II, shuɗi na III, kore na U.

Alal misali, a ɗauki gubar da ma'auninta miligiram 60 ne. Ga mai nauyin kilo 60, lissafi ya ba da giram 3.6, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ga yaro mai kilo 15, bai kai giram ɗaya ba. Shi ya sa yara suka fi shiga haɗari.

Abin da lambar ba ta faɗa ba

Da fari, mutum ba ɓera ba ne. Maganin ciyawa Paraquat yana Aji II, amma kurɓi kaɗan yana iya lalata huhu ya kashe mutum, kuma ba shi da makari.

Na biyu, LD50 yana auna gubar da aka ci a lokaci guda ne, ba wadda ke shiga jiki kaɗan-kaɗan ta abinci shekara da shekaru ba. Wannan da lissafinta dabam: akan nemi adadin da bai yi wa dabbar gwaji wata illa ba, a raba shi da ɗari, goma don bambancin mutum da dabba, goma don bambancin mutane a junansu.

Sakaci da ragowar guba a abinci ya taɓa jawo wa Nijeriya hasara. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar DDVP da ta haura iyakarsu ta miligiram 0.01 a kilo. Irin waken da aka ƙi a waje, irinsa ake dafawa a gidaje.

Abin da ake bukata ga jama'a

1. A duba launi da lambar rajistar Hukumar NAFDAC kafin a saya. Kada a sayi maganin da aka ɗura a kwalbar da ba takarda.
2. A auna daidai yadda takarda ta ce, a rufe hanci da hannuwa, kada a yi feshi ana fuskantar iska.
3. A cika kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da girbi.
4. Kada a zuba maganin feshin gona a hatsin da za a ci, ko a ruwa don kamun kifi.
5. A kulle magani nesa da yara. Kada a sa ruwa ko mai a tsohuwar kwalbarsa.
6. In wani ya sha guba, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalbar. Manja da madara ba makari ba ne.

Wanda bai iya karatu ba ya kai kwalbar wurin malamin gona ya karanta masa kafin ya buɗe ta. Rigakafi ya fi magani.