Kafin Ka Ɓalle Rediyon Motar Nan

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka sayi mota, tsohuwar Corolla ta Kwatano. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ta kuma ce kana ta ƙorafi wai rediyonta ya ƙi wayarka, har ka sayo igiyar haɗi sau uku duk a banza, yanzu kana shirin kai ta wurin mai riwaya ya ɓalle rediyon ya sa maka irin mai allo. Dakata tukuna. Na yi shekaru ina fama da tsofaffin motoci, tun Fijo har Golf, kuma na zubar da kuɗi a kan irin wannan.

Motarka ba ta da laifi. Lokacin da aka ƙera ta, kaset da faifan CD ake yayi, in mota ta ci gaba a sa mata ɗan ƙaramin ramin AUX, irin wanda ake soka iyafis, mai faɗin milimita 3.5. Wayoyin ne suka sauya. A 2012 Apple ya bar faffaɗan bakin caji mai ƙusoshi 30 ya koma Lightning. A 2016, da iPhone 7 ta fito, aka cire ramin iyafis gaba ɗaya, wasu kamfanonin suka bi sahu, har manyan wayoyin Samsung. A 2023 kuma iPhone 15 ta koma USB-C. Mota tana nan inda aka bar ta, waya ta yi ƙaura sau uku.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne su ɗauka duk abin da ya shiga rami ya zauna daram, to zai yi aiki. Kama da wane ba ta wane. Adaftar da ke mayar da USB-C zuwa ramin iyafis iri biyu ce, a ido kuwa ba ka bambance su. Ɗaya zare ne kawai a cikin roba, tana jiran waya ta turo mata sauti dafaffe. Ɗayar tana da ɗan ƙanƙanin inji a cikin kanta, wanda 'yan kasuwa ke kira DAC, shi yake karɓar lambobin da waya ke fitarwa ya mayar da su sautin da sifika ke ganewa. Wayoyi da yawa na yanzu lambobi kawai suke fitarwa ta bakin caji. Ka soka musu ta farkon, shiru kake ji, ko wayar ta rubuta maka cewa ba ta san wannan baƙon ba. Ina kyautata zaton irin ta kake ta sayowa, don ita ce mai sauƙin kuɗi, araha kuwa ba ta ado. In ka je kasuwar waya ta Farm Centre, ka ce mai DAC kake so. Kuma zuwa da kai ya fi aike: ka je da motar, a gwada a gabanka kafin ka zaro kuɗi.

Dubi kan igiyar AUX ɗin ma. Wata zobba biyu ne baƙaƙe a jikin ƙarfenta, wata uku. Mai ukun ta haɗa da layin makirfo, wasu tsofaffin rediyo ba sa jituwa da ita, sai ka ji sifika ɗaya ta mutu ko muryar mai magana ta yi nisa kamar daga rijiya. Mai zobba biyu ka nema.

In motar ba ta da AUX amma tana da gidan kaset, ka yi sa'a, kodayake samarinku za su yi maka dariya. Akwai kaset na bogi mai igiya a gefe. Ba zare a cikinsa, ɗan kai ne da ke mannuwa da kan rediyon ya zuba masa sauti kai tsaye. Ni dai a kunnena ya fi na'urar FM da zan ambata nan gaba tsabtar murya nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya, wani rediyon sai ya yi ta juya shi daga wannan fuska zuwa waccan, ko ya tofo shi, don yana zaton zare ya ƙare. Ka goge kan rediyon da auduga da ɗan sifirit tukuna, ƙurar shekara ashirin ce a wurin.

Na'urar FM ɗin kuwa, wadda ake sokawa a ramin kunna sigari ta kama waya ta Bluetooth, ƙaramar tashar rediyo ce a cikin motarka, sai ka samar mata layin da ba kowa. A cikin Kano wannan aiki ne, don tashoshi sun cika, ga Freedom a 99.5, ga wasu dama da hagu, kuma kowacce ta fi na'urarka ƙarfin murya. Layin da ya yi maka tsit a Kabuga yana iya cika da hayaniya kafin ka kai Zariya. Sannan ka lura da asalin motar. Rediyon da aka yi wa Amurka lambar ƙarshe mara yake bi, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a 88.2, don haka ka saita na'urar a irin lambar da yake kamawa. Tsohon rediyon da aka yi wa kasuwar Japan kuwa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90. Kuma ka riƙa zare na'urar da dare. Wasu motocin ramin sigarinsu na da wuta ko an cire makulli. Na taɓa barin mota kwana huɗu da ita a soke, ranar da na tashi tafiya ɗaurin aure sai da yaran unguwa suka tura ni.

Ramin USB na tsohuwar mota ma yana yaudara. Galibi filas yake karantawa, mai waƙoƙin MP3, wayar Android kuwa caji kawai zai ba ta, shi ma a hankali. Ka zuba karatun Alƙur'aninka da wa'azinka a filas ka bar shi a soke, ka huta.

In kuma ka haɗa AUX kana caji a lokaci ɗaya, ka ji wani siririn kuka da ke ƙaruwa in ka taka totur, kada kowa ya ce maka sifika ce ta fashe. Hayaniyar lantarkin injin ce ta biyo igiyar caji. Zare cajar ka ji, in ya ɗauke ka gano ɓarawon. Akwai ɗan matacin da ake sawa a tsakiyar igiyar AUX yana kashe shi.

Abin da nake tsoro game da sauya rediyo shi ne almakashi. Mai riwayan da ba shi da haƙuri zai datse wayoyin kamfani ya ɗaure da baƙin salatif, bayan wata biyu fiyus ya fara ƙonewa, maɓallan sitiyari su daina aiki. In dole sai ka sauya, ka sa a nemo soket ɗin da ya dace da motar, a haɗa ba yanka. Kafin nan ma a leƙa bayan tsohon rediyon, yawancin na Toyota da Honda na wancan zamanin suna da bakin da aka tanada don akwatin CD, kuma ana sayar da adaftar Bluetooth da ke shiga nan.

Ka saita komai kafin ka tayar da mota, kada in ji kana laluben igiya a kan titin Kaduna. Ranar Asabar ka kawo ta gida bayan La'asar mu duba tare. Ina da tsohon kaset mai igiya a durowa, sai mu gwada shi. Ka gaishe da iyali.