Darasi Kan Tsohuwar Kwamfuta: Jinkirin Tashi da Ɓacewar Sandar Ayyuka

Garin Suleja, wanda sunansa Abuja kafin a keɓe Babban Birnin Tarayya a 1976, mazauni ne na ma'aikata da ɗalibai masu yawa, da dama kuwa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka suke aiki da ita. Sau da yawa sai a kunna ta, ta daɗe ba ta tashi ba, in ta tashi kuma a tarar layin nan na ƙasan allo, watau sandar ayyuka, ya ɓace. Nan da nan sai a garzaya wurin mai gyara, shi kuwa ya share kome ya ɗora sabuwar manhaja, takardun shekaru su salwanta. Jama'a su sani, ɓacewar sandar nan ba mutuwar kwamfuta ba ce, galibi takardunku suna nan daram.

Dalilin ɓacewarta

A cikin Windows akwai wata manhaja mai suna Explorer, ita ce ke zana sandar da gumakan allo. In faifan ajiya ya yi nauyi, ko wuta ta ɗauke alhali batir ya mutu har wasu fayiloli suka lalace, sai Explorer ta kasa tashi.

Yadda za a komo da ita

1. Ka kai kibiya can ƙasan allo. In sandar ta leƙo, to, ɓoye ta kurum aka yi a wurin saiti.
2. In ba ta fito ba, danna Ctrl da Shift da Esc gaba ɗaya. Akwatin Task Manager zai buɗe.
3. Nemi inda ake buɗe sabon aiki, ka rubuta explorer.exe, sa'an nan ka danna Enter. Yawanci sandar takan komo nan take.
4. Da zarar ta komo, kwafe muhimman takardunka a filashi kafin ka taɓa wani abu.
5. In abin ya ci gaba da faruwa, a sa wanda ya iya ya ba da umurnin sfc /scannow, wanda ke duba fayilolin Windows ya gyara na lalace.

Maganin jinkirin tashi

Manhajoji da yawa suna tashi tare da kwamfuta ba da iznin mai ita ba. Daga Windows 8 zuwa sama, ana tsai da su a sashen Startup na Task Manager; a Windows 7 kuwa, ta hanyar msconfig. Har wa yau, ƙurar hunturu takan toshe fanka, zafi ya taru, na'ura ta rage gudu don kare kanta. A riƙa share ta, kada kuma a ɗora ta bisa katifa. In faifai yana ƙara ƙas-ƙas, ya kusa mutuwa; a musanya shi da irin wanda ake kira SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa.

Abin lura

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ya kuma tsai da kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka a yi hattara da shiga asusun banki da irin waɗannan. Kada ka yarda a share maka kwamfuta sai ka ga takardunka a wani wurin da idonka. Rigakafi ya fi magani.