Hukuncin Ɗaukar Hoto A Wurin Bikin Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Gaya, kamar garin Gafasa da sauran garuruwan Ajingi, da zarar an kai gero da dawa rumbu sai bukukuwan aure su kankama. A da, mai hoto ɗaya a kan ɗauko daga gari, ya ɗauki ango da abokansa, ya tafi ya wanko. Yau kuwa kusan kowane saurayi yana da kyamara a wayarsa, tun daga ranar sa lalle har zuwa buɗar kai ba a daina ɗauka. Saboda haka ya wajaba a san hukuncin wannan al'amari, domin Musulmi ba ya shiga aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Asalin magana shi ne hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito, waɗanda suka yi narkon azaba mai tsanani ga masu yin sura suna kwaikwayon halittar Allah. Malaman mazhabar Imamu Malik sun rarrabe. Abin da suka ce haramun ne shi ne surar abu mai rai, cikakkiya, mai inuwa, watau irin gunki. Wadda aka zana a bango ko takarda kuwa makaruhi ce. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya ambaci karhancin a ƙarshen Risala, Shaihu Halil kuma ya kawo zancen sura a babin walima cikin Muhtasar, inda ya ke lissafa uzurorin da ke sauke wajabcin amsa gayyata.

Hoton kyamara bai bayyana ga jama'a ba sai a 1839 a ƙasar Faransa, don haka magabata ba su yi magana a kansa ba. Malaman baya sun saɓa. Shaihu Muhammad Bahit Al-Muɗi'i, Muftin Masar, wanda ya rasu a 1935, ya wallafa littafi a kan halaccinsa. Hujjarsa ita ce mai kyamara bai ƙagi wata halitta ba, ya tsare inuwar abin da Allah Ya halitta ne, kamar yadda fuska ke fita a madubi. Shaihu Bin Baz da Shaihu Albani, waɗanda suka rasu a 1999, sun hana sai don larura, kamar hoton fasfo. To, tun da saɓani ya tabbata, wanda ya bari don tsantseni ya kyauta, wanda ya ɗauka kuma ba a tsananta masa.

Amma halaccin na'ura bai halatta duk abin da aka ɗauka da ita ba. Ko malaman da suka sauƙaƙa sun gindaya sharaɗin kada hoton ya ƙunshi haram, a nan ne kuwa bikin aure ke da haɗari. Ranar kamu da yinin biki mata suna cikin gida, sun yi ado, sun sauke mayafi, domin sun amince babu namiji a tsakaninsu. Allah Maɗaukaki Ya umarci muminai maza da mata da runtse idanu a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, Ya kuma ƙidaya waɗanda ya halatta mace ta bayyana musu adonta. Mai hoto ba ya cikinsu. Haka nan ɗan kawu, da ɗan gwaggo, da ƙanen ango, duk ba muharramai ba ne, ko da tare aka tashi a gida ɗaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta shigar dangin miji wurin matarsa da mutuwa. Idan lalle sai an yi hoto a cikin gida, to mace ta ɗauki mata.

Wani abin kuma shi ne hoton kafin aure, inda saurayi da budurwa ke raɓar juna ana ɗauka. Kai kuɗi da sa rana ba su mai da yarinya matar mutum ba, sai an ɗaura aure da waliyyi da shaidu da sadaki. Sau da yawa a kan fasa, alhali hoton ya riga ya shiga wayoyin mutane, ba shi kiranyuwa. Yarinyar ce ke kwana a ciki ranar da wani manemin ya fito.

Shi kuwa mai sana'ar hoto, aikinsa ijara ce, sharaɗinta a san lada, a san aiki tun farko: nawa za a biya, hoto nawa za a bayar, yaushe za a karɓa. Allah Ya yi umarni da cika alkawari a ayar farko ta Suratul Ma'ida. Hotunan da ke hannunsa amana ce. Bai halatta ya liƙa hoton amaryar wani a ƙofar shagonsa, ko ya sa a Facebook don talla, ba tare da iznin masu shi ba. Kada kuma ya ɗauki wanda bai yarda ba, ko wadda mayafinta ya zame ba ta sani ba. Wannan hukunci ya hau kan ɗan'uwan da ya ɗauka kyauta, domin rashin karɓar lada ba ya sauke amana.

Daga ƙarshe, magidanta su dubi aljihunsu. Manzon Allah ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da yin walima ko da akuya ɗaya ce. Bai kamata a sayar da hatsin da iyali za su ci da damina don biyan mai hoto ba, ga shi Suratul Isra'i, aya ta 27, ta kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu. Uban amarya da ango su ne za a tambaya gobe kiyama a kan wanda suka bari ya shiga gidansu da kyamara.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya rufa asirin Musulmi duniya da lahira, amin.