DARASI: ʼYAN FENTIKOS DA BANGASKIYARMU TA KIRISTA

Da yawa daga cikin matasanmu sukan ji ana ce masu ba su karɓi Ruhu Mai Tsarki ba tukuna, tun da ba su yi magana da harsuna ba. Wasu har sun yarda aka sāke yi masu baftisma. Ya kamata mu san tushen wannan koyarwa, da kuma amsar Ikilisiya.

Sunan ya fito daga ranar Fentikos, wadda Ayyukan Manzanni sura 2 ta ba da labarinta. Amma ɗarikar kanta a Amurka aka haife ta. A 1901, a makarantar Charles Parham da ke Topeka, aka soma koyar da cewa magana da harsuna ita ce shaidar baftismar Ruhu. A 1906 waʼazin William Seymour a titin Azusa, a birnin Los Angeles, ya yaɗa koyarwar zuwa ƙasashen duniya, har ta iso Nijeriya.

Yawancinsu sun gaskata da Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da mutuwar Yesu da tashinsa daga matattu. Majalisar Vatican ta Biyu ta koyar a 1964 cewa duk wanda ya gaskata da Kristi, aka kuma yi masa baftisma ta gaskiya, ɗanʼuwanmu ne cikin Ubangiji. Saboda haka zagi da raini ba su dace da mu ba. Tun 1972 Ikilisiyar Katolika take zaman tattaunawa da shugabanninsu. Himmarsu wajen adduʼa da karatun Littafi Mai Tsarki abin koyi ce.

Duk da haka akwai bambanci. Manzo Bulus ya nuna a 1 Korantiyawa 12:30 cewa ba kowa aka ba baiwar harsuna ba, a sura 13 kuma ya ɗora ƙauna bisa dukan baye-baye. Mun karɓi Ruhu a Baftisma, aka ƙarfafa mu da shi a Tabbatarwa. Baftisma ɗaya ce (Afisawa 4:5), ba a maimaita ta. Wanda ya bar Ikilisiya kuwa ya bar Jiki da Jinin Kristi a Misa, da sakramentin gafarar zunubi.

Mai ƙishin adduʼa mai zafi yana da wuri a gidansa. Ƙungiyar Karismatik ta Katolika ta soma a Jamiʼar Duquesne a 1967, Paparoma Bulus na Shida kuma ya karɓi ʼyaʼyanta a Roma a 1975. Ku shiga, ku yi waƙa da roƙo domin marasa lafiya, amma ƙarƙashin jagorancin Fada da Bishop, gama Allahnmu ba na ruɗu ba ne.

Iyaye da katekis, ku zauna da matasa a wannan mako ku karanta 1 Korantiyawa sura 12 zuwa 14 tare. Bari Ruhu Mai Tsarki ya haɗa kan dukan masu bin Kristi. Amin.